Tulun Fandora: Tsokaci Kan Littattafan Yara Masu Zane na Tatsuniyoyin Girkawa

Sanin kowa ne cewa yaro yakan riga ganin hoto kafin ya iya haɗa baƙi, kuma abin da idonsa ya fara kamawa shi yake zaune masa a zuciya har girma. Saboda haka mai zana hotunan littafin yara shi ma mai fassara ne, kuma kurensa ya fi na marubuci wuyar gyaruwa. Wannan maƙala za ta dubi wannan batu ta fuskar tatsuniyoyin Girkawan da, waɗanda aka daɗe ana gabatar wa yara su ta hanyar littattafai masu zane.

Asalin waɗannan labarai na baka ne. Mawaƙa irin su Homa da Hesiyod ne suka tsara su cikin waƙa, wajen ƙarni na 8 zuwa na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma Girkawan kansu sun riƙa zana su a jikin tukwane da tuluna. Ba don yara aka tsara su ba, domin cike suke da yaƙi da yaudara da fushin gumaka. Daga cikin waɗanda suka yi fice wajen sake rubuta su don yara akwai Ba'amurke Nathaniel Hawthorne a 1851, da Baturen Ingila Charles Kingsley a 1856. A 1962 kuma Ingri da Edgar d'Aulaire, mata da miji, suka fitar da nasu littafin mai manyan hotuna masu launi, wanda ya shiga gidaje da makarantu masu yawa.

Amfanin irin wannan aiki a fili yake. Yaron da ya ga hoton Ikaros yana faɗowa cikin teku, bayan ya ƙi jin gargaɗin mahaifinsa ya kusanci rana har kakin fukafukansa ya narke, ba ya bukatar dogon wa'azi: wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Haka nan Sarki Midas, wanda ya roƙi duk abin da ya taɓa ya zama zinariya, har abincinsa ya gagare shi ci, hotonsa kaɗai ya isa ya nuna cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

To amma akwai inda gizo ke saƙar. A waƙar Hesiyod, abin da Fandora ta buɗe har cututtuka da wahalhalu suka bazu a duniya, wani babban tulu ne irin wanda Girkawa ke adana hatsi da mai a cikinsa. A ƙarni na 16 ne malami Erasmus ya juya labarin zuwa Latin, ya sa kalmar da ke nufin akwati. Masu zane suka bi shi, har yau ɗan akwati ake zana mata. Hawthorne ya ƙara da mayar da ita ƙaramar yarinya, ya kuma ƙirƙiro wa Midas 'ya wadda ta sandare ta zama zinariya, alhali babu wannan aukuwa a tsofaffin ruwayoyi. Ɗalibai da yawa sukan girma ba su san cewa wannan ƙari ne ba, don hoto ya riga ya kafa musu hujja.

Ba laifi ba ne a rage abin da bai dace da shekarun yaro ba. Kowace kaka mai tatsuniya takan yi haka. Laifin shi ne a sauya kayan mutane da al'adunsu, sannan a ce nasu ne. Tulun Fandora yana koya wa yaro cewa Girkawan manoma ne masu ajiyar abinci don gobe. Akwati ba ya koyar da haka.

Wannan batu ya shafi sashen Hausa kai tsaye, domin ɗalibansa ne masu fassarar gobe. Wasu iyaye za su ce labaran gumaka ba su dace da 'ya'yan Musulmi ba, kuma damuwarsu abin saurare ce. Sai dai yaron Bahaushe ya daɗe da sanin bambancin tatsuniya da gaskiya. Yakan ji labarin Gizo da Ƙoƙi da Dodo tsakanin "ga ta nan ga ta nanku" da "ƙurunƙus", bai taɓa ɗaukar su addini ba. Abin da ake bukata shi ne littafin ya faɗa tun shafin farko cewa wannan almara ce ta wasu mutanen da suka shuɗe, ga ƙasarsu a taswira, ga zamaninsu.

Aro daga waje ba baƙon abu ba ne a adabin Hausa. Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa a Magana Jari Ce, a ƙarshen shekarun 1930, ya sa musu rigar Hausa. Hanyarsa ta dace da manufarsa. Amma littafin da ke da nufin nuna wa yaro su wane ne Girkawa, dole ya bar su da tufafinsu da jiragen ruwansu da itatuwan zaitun, Hausar ce kawai za ta zama ta gida.

A taƙaice, wajibi ne mai fassara da mai zane su zauna tare, su koma ga tsohuwar ruwaya kafin a ja layi ko ɗaya. Yaron da ya tashi yana ganin randa a tsakar gidansu ya fi kowa cancantar a mayar masa da tulun Fandora.