Ƙaramar bindiga a ƙugu: abin dogaro ko abin ɗaukar wa kai jidali?

Duk lokacin da aka sace matafiya a hanya ko aka kai hari wani ƙauye, muhawarar mallakar bindiga don kare kai takan sake tasowa. A cikin garin Bauchi, musamman tsakanin ma'aikatan gwamnatin tarayya da hadiman manyan jami'ai masu zirga-zirga a hanyar Abuja zuwa Jos, su bi ta Toro su iso gida, maganar ta fara ɗaukar wani salo. Ba doguwar bindiga suke tunani ba, domin babu mai rataya ta ya shiga ofis. Abin da ke jan hankali shi ne siririyar fistol da za ta ɓuya a ƙarƙashin babbar riga, irin wadda ake gani ana kwatanta ingancinta a bidiyoyin Amurka. Tambayar da ake yi ita ce wacce ce ba ta cijewa a ranar buƙata. Sai dai idan aka auna lamarin da ma'aunin Bauchi, za a ga cewa sunan kamfani shi ne mafi ƙarancin abin da ke sa bindiga ta zama abin dogaro.

A Amurka kwatancen yana da tushe. Kamfanin Smith & Wesson ya fito da M&P Shield a 2012, Glock ya biyo da samfurin 43 a 2015, mai ɗaukar harsashi shida a gidansa. A 2018 SIG Sauer ya sauya kasuwar da P365, wadda ta ɗauki harsashi goma a jiki kusan girman na sauran, sannan Springfield ya kawo Hellcat mai goma sha ɗaya a 2019. Dukkansu masu amfani da harsashin milimita 9 ne. Masana sun daɗe da sanin cewa duk yadda aka rage girman bindiga, haka ake rage mata haƙuri: takan fi bugun hannu, riƙonta ya fi wuya, kuma ɗan sakacin riƙo ko harsashi mara kyau na iya sa ta cije. Hatta manyan kamfanoni sun yi tuntuɓe a wannan fage. Springfield ya janye samfurin XD-S a 2013 domin gyara, Remington ya janye R51 a 2014, kuma masu sayen P365 na farko sun yi ta ƙorafi kan karyewar allurar da ke bugun harsashi kafin kamfanin ya gyara.

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne cewa an gano kurakuran ne saboda akwai tsari. Mai saye ya san inda aka ƙera bindigarsa, yana da lambarta, yana da filin atisaye inda zai harba ɗaruruwan harsasai kafin ya amince da ita, kuma idan ta nuna aibi akwai kamfanin da zai karɓa ya gyara. Ga kuma doka a bayansa: hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2022 a shari'ar Bruen ya tabbatar da 'yancin ɗaukar bindiga a wajen gida, kuma fiye da rabin jihohin ƙasar ba sa neman lasisi kafin mutum ya ɓoye ta a jikinsa. Duk da haka, sakamakon bai kai yadda fina-finai ke nunawa ba. Binciken da cibiyar RAND ta wallafa a 2008 kan 'yan sandan birnin New York ya nuna cewa a musayar wuta tsakanin 1998 da 2006, kashi 18 cikin ɗari ne kawai na harbinsu ya sami wanda aka nufa. Waɗannan mutane ne da aka horar, ana kuma sabunta musu horo.

A Najeriya ƙofar farko ma a rufe take. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Bindigogin toka, irin su harba-ka-ruga ta mafarauta, kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke ba da izininsu. Bindigogin farauta na zamani suna hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku shi ne na haramtattun makamai, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma a nan ne doka ta ajiye fistol da mai juyi, a jere ɗaya da bindigogin yaƙi da gurneti. Hukuncin mallakar irinsu ba da izini ba ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ne. Ko lasisin bindigar farauta ma, Kayode Egbetokun ya bayyana a 2023, yana Sufeto Janar, cewa rundunar ta dakatar da bayar da shi. Gwamna ba shi da ta cewa, domin tsarin mulkin 1999 ya sanya makamai da harsasai cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Shi ya sa lokacin da Bello Matawalle ya umarci Zamfarawa su nemi lasisin bindiga a watan Yunin 2022, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi.

Ma'anar wannan ga ma'aikacin da ke zaune a Yelwa ko Fadaman Mada a fili take. Fistol ɗin da za ta iya shigowa hannunsa ɗaya ce daga cikin uku: wadda aka yi fasa-ƙwaurinta ta kan iyaka, wadda ta sulale daga rumbun hukuma, ko ƙirar gida da maƙera ke yi a ɓoye. Babu ɗayansu da za a iya auna ingancinta. Ta fasa-ƙwauri ba a san hannu nawa ta ratsa ba, ba a san ko tambarin da ke jikinta na gaskiya ne ba. Ƙirar gida kan fashe a hannun mai ita. Wadda ta fito daga rumbun hukuma kuwa tana ɗauke da lambar da za ta iya haɗa mutum da laifin da bai san an aikata ba. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce bindigogin 'yan sanda 178,459 ne ba a san inda suke ba, 88,078 daga cikinsu ƙirar AK-47. Ga harsashin da ba a san shekarunsa ba, ga ƙurar hunturu da gumin bazara da ke cin ƙarfe, ga rashin wurin da mutum zai gwada ta ba tare da ya tona wa kansa asiri ba. Wanda ya saye ta a haka, ranar da zai fara sanin halinta ita ce ranar da ransa ya rataya a kanta.

Sai kuma irin barazanar da ake fuskanta. An ƙera siraran bindigogin nan ne domin ɗan fashi ɗaya ko biyu a tazarar 'yan taku. Hare-haren da Jihar Bauchi ta sani ba su da wannan kama. Harin ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi a Yulin 2009, da fasa gidan yarin Bauchi a ranar 7 ga Satumban 2010 inda fursunoni fiye da 700 suka tsere, da hare-haren 'yan bindiga na shekarun baya-bayan nan a ƙauyukan Alƙaleri da dazukan Toro da Ningi, duk ayyukan gungu ne. AK-47 na ɗaukar harsashi 30, tana kuma cin nisan mita 300, alhali fistol da ƙyar take wuce mita 50 ko a hannun gwani. Matafiyin da ya zaro ta a gaban mutum goma masu dogayen bindigogi bai ceci kansa ba. Ya ba su dalilin buɗe wuta kan motar da iyalinsa ke ciki. A sauran kwanakin shekara kuwa bindigar tana gida ne tare da yara, da ɓacin rai, da ɓarawon da zai iya ɗauke ta.

Wannan ba ya nufin masu kiran kare kai ba su da hujja. Sashe na 33 na tsarin mulki ya amince da kare rai da dukiya gwargwadon buƙata, kuma mutumin da ya biya kuɗin fansa da gonar gado ba zai gamsu da wa'azin haƙuri ba. Janar T.Y. Danjuma ya yi irin wannan kira a Jalingo a 2018, Aminu Bello Masari ya maimaita shi a Katsina a 2021, Sanata Ned Nwoko ya kai batun gaban majalisa a 2024. Shi kansa Gwamna Bala Mohammed ya jawo cece-kuce a Fabrairun 2021 da ya ce rashin kariyar hukuma ne ke tilasta wa makiyaya ɗaukar AK-47. Amma abin lura shi ne misalin da Darakta Janar na Hukumar Tsaron Farin Kaya, Adeola Oluwatosin Ajayi, wanda ya taɓa shugabantar hukumar a Bauchi, ya kawo a Abuja a Fabrairun 2025. Da yake cewa al'umma ce ya kamata ta zama katangar farko, ya ambaci yadda mutanen Azare suka tashi tsaye suka fatattaki maharan Boko Haram. Abin da ya yi aiki a can shi ne gari guda da ya san baƙonsa, ya kuma amsa kira a tare, ba mutum ɗaya da ƙarfe a ƙugu ba.

Nan ne aikin yake ga masu rubuta wa ministoci da 'yan majalisa takardun shawara. Ƙiyasin cibiyar Small Arms Survey ta Geneva ya nuna bindigogi sama da miliyan shida ne a hannun fararen hula a Najeriya a 2017, wato ƙarancin makami ba shi ne ciwon ƙasar ba. Dokar 1959 ta girmi 'yancin kai, kuma tana buƙatar garambawul da zai fayyace wanda ya cancanci lasisi, horon da zai samu da yadda zai adana makaminsa. Cibiyar Ƙasa ta Daƙile Yaɗuwar Ƙananan Makamai, wadda aka kafa a 2021 a ƙarƙashin ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaro, aka kuma sa hannu kan dokarta a 2024, tana buƙatar rajista guda da za ta bi sawun kowace bindigar hukuma. Mafarauta da 'yan banga da ke kwana a bakin dazukan Alƙaleri suna buƙatar tantancewa, horo, alawus da shugabancin da za a iya tuhuma idan sun ƙetare iyaka.

Shi kuwa ma'aikacin da ke tunanin sayen fistol ta bayan fage, lissafin a gabansa yake. Shingen bincike ɗaya tsakanin Akwanga da Jos ya isa ya raba shi da aikinsa, da fanshonsa, da shekara goma na rayuwarsa, a kan makamin da babu tabbacin zai tashi. Tafiya da rana, bin ayari, sanar da iyali inda aka kai, da sa hannu a tsarin tsaron unguwa ba su da kwarjinin bindiga, amma ba su taɓa kai kowa gidan yari ba. Kafin a tambayi wace bindiga ce ba ta cijewa, ya kamata a fara tambayar me ya sa tsarin da aka ɗora wa alhakin tsare hanyar Bauchi yake cijewa, da kuma wanda zai gyara shi.