Zancen Gida: Makulli Ɗaya Kasada Ne

A wannan wata zancenmu a kan ƙaramin abu ne, wato makullin tsohuwar mota.

A ƙasar Rano da Kibiya yawancin motocin da muke hawa sun kwana biyu. Akwai sauran Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975. Akwai kuma Golf da aka shigo da su na hannu daga Turai. Irin wannan mota takan bi ta hannun mutum uku ko huɗu kafin ta iso gare mu, kuma sau da yawa da makulli ɗaya tak take zuwa. Ita ce ke kai hatsi kasuwa, ita ce kuma ke kai mai naƙuda asibitin Rano da tsakar dare. Ran da makullin ya faɗi a gona ko ya karye, unguwa duka ta shiga uku.

Don haka shawararmu ita ce, a yanka na biyu tun na farko yana da lafiya. Ga dalili. Injin mai yankan makulli ba ya san siffar da makulli ya fito da ita daga masana'anta ba. Haƙoran wanda aka ba shi yake bi, ya kwaikwaya a jikin sabon ƙarfe. In haƙoran sun cinye, cinyayyen zai fitar. In kuma aka kwafa daga kwafi, kuskure ya hau kan kuskure, sai ka ga makulli yana shiga amma ba ya juyawa. Mu da muke koyarwa mun san wannan a aji: yaron da ya kwafi rubutu daga littafin wanda shi ma kwafa ya yi, da wuya a iya karanta nasa. A kai makulli na asali, ba jikansa ba.

Kafin a kama hanyar Kano, a dubi kan makullin. In ƙarfe ne zalla kamar na 504, aikin mintoci kaɗan ne. Amma tun wajen 1995 masu ƙera motoci a Turai suka fara sa wata 'yar ƙwaya cikin baƙar robar kan makulli, domin hana sata, kuma a 1998 doka ta tilasta haka ga sababbin motoci a Jamus da Ingila. Ƙwayar nan tana gaisawa da ƙwaƙwalwar mota. In ba ta, makulli zai buɗe ƙofa, ya juya, amma inji ya ƙi tashi, ko ya tashi ya mutu nan take. Irin wannan sau da yawa sai an tafi da motar kanta wurin mai na'urar da zai gabatar da sabon makulli ga ƙwaƙwalwar. Wanda bai san haka ba sai ya yi ta zagin batir da bakanike a banza.

A tuna kuma, tsohuwar mota sau da yawa an taɓa canja mata kwaɗo. Mai yiwuwa na tayarwa dabam, na ƙofa dabam, na murfin tanki dabam. A gwada sabon makulli a kowane wuri kafin a biya. A tafi da takardun mota, gama mai sana'a na kirki ba ya so ya yi wa ɓarawo aiki. A tsaya a yi a gaban ido, kada a bar makulli ya kwana a rumfar kowa.

To, in ya riga ya karye fa? A tattara guntayen duka, gwani yana iya haɗa su ya kwafa. In ya ɓata ɗungum, bakanike zai ciro kwaɗon, a kai wa mai yanka ya buɗe ya auna cikinsa. In ya gagara, sai a sayi wani da makullinsa a kasuwar Ƙofar Ruwa. Haɗa waya ba magani ba ne. Makulli ne ke sakin sitiyari, kuma wanda ya fasa wannan kariya ya share wa ɓarawo hanya.

Abu biyu za su ƙara wa makulli kwana. Kada a rataya masa tarin makullan ɗaki da na shago, nauyinsu yana cin cikin kwaɗo a kan gargada. In ya fara cijewa, a goga masa bakin fensir, kada a zuba man inji, domin mai yana tara ƙurar hunturu.

Na biyun kuwa, ba cikin mota ake ajiye shi ba. A ba uwargida ta adana, a kuma gaya wa babban ɗa inda yake. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, rigakafi kuma ya fi magani.

Sai wata mai zuwa. A huta lafiya.