Me Ke Sa Mutum Ya Zaɓi Gudun Dogon Zango?

Idan aka ga mutum da sassafe yana gudu a bakin titi, babu wanda ya koro shi, babu kuma abin da yake bi, akan ɗauka ko soja ne, ko kuwa marar aikin yi. Amma ya kamata a tsaya a tambaya: me zai sa mai hankali ya ɗora wa kansa gudun kilomita 10, ko ma kilomita 42 da ɗoriya na gudun yada-ƙanin-wani?

Ilimin halittu yana da rabin amsar. A shekarar 2004 wasu masana biyu na Amurka, Dennis Bramble da Daniel Lieberman, sun bayyana cewa ƙirar jikin ɗan Adam ta dace da dogon gudu. Agararsa doguwa ce, tana miƙewa tana dawowa kamar roba a kowane taku. Fatarsa kuma tana da miliyoyin kafofin gumi da ke sanyaya shi yana cikin gudu, alhali dabbobin dawa irin su barewa galibi da haki suke rage zafin jiki. Da wannan ne maharban San na hamadar Kalahari suka riƙa bin dabba cikin rana har ta faɗi don gajiya. Wanda ya saba da gudu, zuciyarsa kan yi ƙarfi, har bugunta lokacin hutu ya sauko ƙasa da 60 a minti ɗaya. Jiki kuma kan saki sinadarai irin su endofin, masu rage raɗaɗi.

To amma agara da gumi ba su tayar da kowa daga shimfiɗa cikin sanyin hunturu. Sai da dalili. Haile Gebrselassie na Habasha tilas ce ta fara sa shi gudu, domin yana yaro yakan yi kilomita 10 kafin ya isa makaranta; daga baya ya ci zinare a wasannin Olamfik na 1996 da 2000. Terry Fox na Kanada kuwa, ciwon daji ya sa aka yanke masa ƙafar dama, amma a 1980 ya yi gudun kilomita 5,373 cikin kwana 143 da ƙafar roba, don tara kuɗin binciken cutar. Shi ko Fauja Singh, haifaffen Indiya da ya zauna a Ingila, baƙin cikin rasuwar matarsa da ɗansa ne ya tura shi, har ya shiga gasar Landan a shekarar 2000 yana da shekara 89. Sauran jama'a kuma, wani hawan jini yake kauce wa, wani ciwon suga, wani kuwa natsuwa kawai yake nema.

Abin lura shi ne, dalilan sun bambanta, amma kowannensu ya mayar da gudun abin kansa. Gudun da ake yi don tsoro, da zarar mai bulala ya juya baya ya ƙare. A nan ne wasu makarantu ke kuskure. Ɗalibi ya makara, ko ya yi surutu a aji, sai a ce ya zagaya fili sau biyar cikin rana. Me aka koya masa? An koya masa cewa gudu hukunci ne, kuma da wuya ya sake yinsa da son ransa bayan ya bar makaranta, har ya kai shekarun da zuciyarsa ta fi bukatarsa.

Saboda haka ya dace malamai su raba gudu da hukunci. A bar kowane ɗalibi, namiji ko mace, ya yi gasa da kansa: wanda ya iya kilomita ɗaya a wannan mako, ya ƙara kaɗan a mako na gaba. A fita da safe ko da yamma, a sha ruwa, mai ciwon ƙirji kuma ya fara ganin likita. Sannu ba ta hana zuwa.