Daga cin rani zuwa ƙaura: abin da iyalin Damargu zai auna kafin ya kwashe kaya

Kowace shekara, da an gama yankan hatsi an zuba damma cikin rumbu, tashoshin mota na kan hanyar Damagaram zuwa Agadas sukan cika da samari masu tafiya biɗa. A Damargu wannan tsohuwar al'ada ce: namiji ya fita cin rani, ya dawo kafin ruwan shuka. Amma akwai wata tambaya da ta fi wannan nauyi, wadda magidanta ke yi a Ollelewa da Bakin Birji da Tanut da Belbeji duk sa'ad da damana ta yi gardama: shin mutum ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, ko ya kwashi mata da yara su koma wata jiha, ko wata ƙasa, gaba ɗaya?

Mai cin rani ya bar gona da rumbu da iyali a bayansa, in tafiya ba ta yi kyau ba ya san inda zai koma. Wanda ya yi ƙaura da iyali, musamman in ya saida gona ya biya kuɗin mota, ya rufe wa kansa ƙofar dawowa. Abin da ya faru a shekarun baya-bayan nan a Jado da Arlit da iyakar Aljeriya da ta Najeriya ya nuna cewa duk inda mutanen Damargu ke zuwa neman abinci, ana iya rufe shi cikin kwana ɗaya. Saboda haka ne ma'aunin farko na kowace ƙaura shi ne hanyar komawa gida.

Abin da ke tura mutane

Damargu ta yi suna da hatsi tun zamanin ayari, lokacin da Abzinawa ke saukowa daga Ayar su sayi gero su loda wa raƙuma. Sai dai yankin yana bakin iyakar noma. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta ratsa ta wannan yanki, kuma ruwan da ke sauka a Tanut a shekara sau da yawa ba ya kai milimita 300. Damana ɗaya mai kyau takan cika rumbu, biyu marasa kyau a jere sukan cinye bisashe. Dattawa suna tuna 1973 da 1984, matasa kuma sun ga 2005 da 2010 da 2021. Ga kuma gonaki suna ƙanƙancewa da rabon gado: gonar da ta ciyar da gidan kaka ɗaya, yau jikoki da yawa ke jiranta.

Wani zai ce ai matatar man SORAZ a cikin ƙaramar hukumar Ollelewa take. Gaskiya ne. An buɗe ta ranar 28 ga Nuwamba 2011, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na Sin yana da kashi 60 cikin 100, Nijar tana da 40. Amma matatar mai aikin injuna ce da masu takardun sana'a. Ba za ta ɗauki manoman ƙaramar hukumar da ƙidayar 2012 ta samu sama da mutum 100,000 a cikinta ba. Shi ya sa ido ke komawa kan hanya.

Arewa: Agadas, Arlit da ramukan zinariya

A 2014 aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten, dubban mutane suka nufi can, wasu sun samu har sun gina gidaje a garuruwansu. A 2017 gwamnati ta rufe Jado, aka umarci masu haƙa su fice. Wanda ya tafi shi kaɗai ya ɗauki jakarsa ya sake wuri. Wanda ya riga ya kawo iyali Agadas ya kama haya bisa dogaro da kuɗin rami, shi ne ya ji jiki. Haka Arlit: kamfanin COMINAK ya daina aiki ranar 31 ga Maris 2021, kuma a garin ma'adinai in albashin ma'aikata ya tsaya, mai tireda da mai saida abinci da ɗan dako duk sukan gani a aljihunsu. SOMAIR kuma ya shiga takaddama tsakanin gwamnati da kamfanin Orano na Faransa, har aka maida shi mallakin ƙasa a watan Yuni 2025.

Tattalin arzikin Agadas kansa ya sha hawa da sauka da sa hannu ɗaya. Dokar 2015-36 ta hana safarar baƙin haure, direbobi da masu masauki da yawa suka rasa abin yi. A Nuwamba 2023 hukumomin soja suka soke ta, harka ta sake motsi. Duk wanda zai ɗora rayuwar ƴaƴansa bisa irin wannan kasuwa, ya kamata ya san da haka.

Aljeriya: hanyar da ba ta yara ba ce

A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace. A cikinsu 52 yara ne, 33 mata, kuma yawancinsu ƴan jihar Damagaram ne daga yankin Kance. Tun Disamba 2014 Aljeriya take maido da ƴan Nijar cikin jerin motoci bisa yarjejeniya da gwamnati, wasu baƙin kuma ana sauke su a wani wuri mai nisan kilomita 15 daga Asamaka su ƙarasa da ƙafa. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya sama da mutum 30,000 da aka koro zuwa Nijar a 2024 kaɗai. Wanda aka kama a Tamanrasat ko wani gari, sau da yawa yakan dawo ba kaya, ba kuɗin aikin da yake bi. Magidanci baligi yana iya cewa ya ji ya gani. Yaro mai shekara biyar ba a tambaye shi ba, kuma shi ne ƙishirwa ke fara kayarwa. A kan wannan hanya shawara ɗaya ce: kada a ɗauki iyali.

Kudu: Kano da sauran biranen Najeriya

Najeriya ta fi sauƙi ta fuskar harshe da addini da dangi, shi ya sa mutane da yawa ba sa ɗaukar ta baƙuwar ƙasa. Amma abubuwa biyu sun sauya lissafi. Na farko shi ne kuɗi. A farkon 2023 dalar Amurka tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage, a 2024 ta haura naira 1,500, alhali sefa tana ɗaure da yuro. Ke nan wanda ke aiki a Kano yana aiko wa gida, abin da ke isowa ya ragu sosai, ga kuma tsadar abinci da ta mota bayan cire tallafin man fetur a Mayu 2023. Na biyu shi ne iyaka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe ta har Maris 2024, wata kusan takwas. Nijar ta fice daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025. Ƙungiyar ta ce za a ci gaba da karɓar takardun ƴan ƙasashen AES da barin su zirga-zirga har sai an sake shawara. Wannan sassauci ne da ake iya janyewa, iyalin da zai zauna shekaru ya sa shi cikin lissafi. Ga kuma matsalar ƴan bindiga a karkarar Zamfara da Katsina da Sakkwato, wadda ta koro dubban ƴan Najeriya zuwa jihar Maraɗi.

Birnin Damagaram

Ƙaura mafi kusa ita ce zuwa birnin Damagaram, mai nisan kilomita 50 da ƴan kai daga Bakin Birji. Amfaninta a fili yake: kuɗi ɗaya, makaranta ɗaya, babban asibiti, kuma magidanci yana iya komawa ya yi shuka da noma. Illarta ita ce a birni kome saye ne. Ma'aunin da ake amfani da shi a ƙasar nan wajen lissafin cimaka yana tsakanin kilo 200 zuwa 250 na hatsi ga kowane mutum a shekara. Gida mai mutum takwas yana buƙatar buhu 16 zuwa 20 masu kilo 100. Kowa ya je kasuwar Dole ya tambayi kuɗin buhu a lokacin kaka da kuma lokacin bazara, ya ninka, sannan ya ƙara haya da ruwa da itace da magani. Ruwan sha tsohuwar matsala ce a Damagaram, unguwannin gefen gari sukan dogara da ƴan garuwa. Sabon zuwa kuma yakan samu wuri mai arha ne a inda ruwa ke kwanciya, kuma ambaliyar 2024, wadda ta rushe tsohon masallacin Birni a farkon Satumba, ta nuna abin da hakan ke jawowa.

Abubuwa biyar kafin a tashi

Na farko, gona. Kada a saida ta don kuɗin tafiya. In ba mai noma ta, a ba da aro ko haya ko jingina, amma a rubuce. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa hukumomin kula da filaye, akwai COFOB a ƙauye da COFOCOM a ƙaramar hukuma, kuma suna ba da takardar shaidar mallakar gado da ta aro da ta haya da ta jingina. Dokar ta ɗora wa mai gona nauyin amfani da ita, saboda haka barin ta saura shekara da shekaru yana jawo rigima. Aron baki ma haka: shaidu suna mutuwa, ƴaƴan wanda aka ara wa su taso suna ganin gonar ubansu ce. Takarda mai sa hannun maigari da shaidu ba rashin yarda da ɗan'uwa ba ne, ita ce ke tsare zumunci.

Na biyu, mutum ɗaya ya fara zuwa. Gani ya kori ji, kuma labarin waya yakan zo da na wanda ya samu, na wanda ya rasa shiru ake yi. Magidanci ko babban ɗa ya yi aƙalla rani ɗaya cikakke a can, ya ga ko abin da yake samu yana isa haya da abinci har a watannin da kasuwa ta mutu. In har yanzu a shago ko tasha yake kwana, lokacin kiran iyali bai yi ba.

Na uku, takardu. Kowane yaro ya samu takardar haihuwa, kowane baligi katin ɗan ƙasa, a riƙe katin rigakafi da na awon ciki. Wanda wa'adin rajistarsa ya wuce sai ya bi ta kotu, kuma hakan ya fi sauƙi a Tanut ko Belbeji, inda ake da shaidun da suka san iyayensa, bisa ga a Arlit ko Kano. Kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, wadda aka kafa a 2006, ta cikin Nijar ce, ba ta tsallaka iyaka.

Na huɗu, karatun yara. A tashi lokacin babban hutu, a karɓi takardar sauya makaranta daga hannun darakta. Yaron da ya yi shekara huɗu yana karatu da Faransanci, in aka kai shi Najeriya zai tarar da Ingilishi, sau da yawa sai an maida shi baya. Ƴan mata ne suka fi faɗuwa a wannan tsakani, domin da karatu ya tsinke sai talla ko aikatau ko aure ya biyo baya.

Na biyar, shawara da uwargida da kuɗin dawowa. Mace a ƙauye tana da gamanarta da awakinta da adashinta da ƴan'uwan da za ta bar wa yara. A baƙon gari duk wannan sai ta fara daga tushe, kuma ita ce ke wuni da yara in maigida ya fita. Ƙaurar da aka yanke ba da saninta ba takan dawo da rigima. Sannan a ware kuɗin motar dawowa na kowa da kowa, a bar wasu bisashe a hannun amintacce, kada a taɓa su sai ranar da ta ɓaci.

Nauyin hukuma

Iyali ba zai iya wannan shi kaɗai ba. Tun Afrilu 2024 da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi ne ke riƙe da su, kuma akwai aikin da ke hannunsu wanda ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: a kai zaman yin takardun haihuwa ƙauyuka bayan kaka, kafin ƴan biɗa su watse, a kuma bayyana kuɗin takardun gona a fili don kada manomi ya ji tsoron zuwa. Saida hatsi da rahusa da bankunan cimaka su iso da wuri, domin gidan da ya san zai samu tiya da sauƙi a watan Yuni ba ya saida gona a watan Fabrairu.

Akwai gidajen da ƙaura ce ta fi musu, kuma mutanen Damargu da yawa sun kafu a Agadas da Damagaram da Kano suna taimakon na gida. Galibi waɗanda suka dace sun tafi ne da sana'a a hannu, da masauki tabbatacce, da gona a baya. Lokacin yanke wannan shawara shi ne kaka, sa'ad da rumbu ke da hatsi kuma bisashe ke da daraja a kasuwa. Wanda ya jira har yunwa ta shigo gida, farashin da mai saye ya faɗa shi zai karɓa.