Turaren Wuta da Sanyin Hunturu: Ƙamshi Ba Ya Maye Gurbin Iska

Duk wanda ya ratsa lungunan Gyaɗi-Gyaɗi ko na Tarauni bayan sallar Magariba a watan Disamba ko Janairu, ba zai rasa jin ƙamshin turaren wuta yana fitowa daga zauruka ba, ya gauraye da ƙurar da iskar arewa maso gabas ta kwaso mana, wadda masana suka ce mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. A wannan lokaci hazo ya rufe gari, leɓɓa da dugadugai sun tsattsage, tari da mura sun shiga kowane gida, mutum kuma yakan ji wata irin kasala da ƙuncin rai wanda bai san dalilinsa ba. Abin da nake so malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su duba tare da ni shi ne, wane irin taimako turaren nan yake yi wa zuciya, kuma a ina yake komawa cuta.

Turawa ma suna da nasu ƙuncin na lokacin sanyi. A shekarar 1984 wani likita mai suna Norman Rosenthal tare da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana shi a matsayin ciwo, suka danganta shi da gajartar yini, suka kuma yi maganinsa da haske mai ƙarfi. Amma namu ba irin nasu ba ne. Kano tana kusa da tsakiyar duniya, yininmu a Disamba ya haura sa'a 11, saboda haka ba rana ce ta guje mana ba, mu ne muka guje mata, muka shige ɗaki muka toshe kowace kafa don tsoron ƙura da sanyi.

Ban yarda da masu cewa turaren wuta almubazzaranci ne na mata ba. Sana'a ce mai ilmi a cikinta, kuma matan Barno, Barebari da Shuwa, su ne malamanta, daga wajensu matan Kano da yawa suka koya. Na sha zama ina kallon wata goggona a Gyaɗi-Gyaɗi tana haɗawa. Takan sami icen hawi ko na sandal a farfasa shi ƙanana, ta wanke ta shanya ya bushe ƙayau. Sai ta narka sukari da ɗan ruwa a tukunya, ta zuba icen tana juyawa har ya sha, ta sauke, sa'an nan ta bi shi da turaruka na mai, ta ɗura a kwalba ta rufe, ba za ta buɗe ba sai ya yi makonni. Sukarin nan shi ke riƙe turaren a jikin ice, ya sa ya ci wuta a hankali. Akwai kuma farce, wanda mutane da yawa ba su san murfin bakin wani dodon koɗi na teku ba ne. Sai an kankare shi an jiƙa an soya kafin ƙarninsa ya fita, aikinsa kuwa shi ne ya sa ƙamshi ya daɗe a tufa. Ga kajiji, saiwar wata ciyawa ta fadama, ga kuma ƙaron hano, wanda ɗan'uwa ne ga lubban da Larabawa suka yi ƙarnuka suna fatauci da shi.

Cewa ƙamshi yana taɓa zuciya ba camfi ba ne. Jijiyar jin wari tana da hanya ta kusa zuwa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tunawa da motsin rai, shi ya sa ƙamshin kajiji kan dawo wa mutum da ɗakin kakarsa nan take. Sai dai wannan sanyaya rai ne na ɗan lokaci. Wanda baƙin cikinsa ya yi makonni, ya hana shi barci da cin abinci, likita yake bukata, ga asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano nan kan titin Zariya, a bakin unguwar.

Inda gizo yake saƙa shi ne kaskon da ake ɗora turaren a kai. Gawayi in yana ci a ɗakin da babu iska, yakan fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 ko fiye. Ni kaina na ɗanɗana. Wani dare na bar garwashi a ɗaki don jin ɗumi, na rufe ƙofa da taga, na farka da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, da ƙyar na kai bakin ƙofa. Ƙamshin ne ma ya ruɗe ni, na ɗauka iskar ɗakin lafiya lau take. Bayan wannan ga hayaƙin kansa, wanda ke tayar da asma, ga shi kuwa an saba turara ɗakin mai jego da jariri a ciki, a lokacin da ƙura ta riga ta gajiyar da huhu. Goggona ba ta yin haka. Takan turara ɗaki babu kowa a ciki, ta fitar da kaskon tsakar gida, ta buɗe taga na ɗan lokaci, sa'an nan a shiga, ƙamshin ya riga ya kama labule da shimfiɗa.

A ganina babban maganin kasalar hunturu yana hannun dattawan nan da ke fitowa shan hantsi a gindin katanga. Hasken safiya yana daidaita barci, hira kuma tana rage nauyin zuciya. A haɗa da kunun tsamiya mai zafi ko shayi mai citta da kanumfari, a shafa man kaɗe a ƙafa, an gama.

Mu kuwa ɗaliban Hausa akwai aiki a gabanmu. A 1916 J. M. Dalziel ya buga littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa, kuma itacen hano yana ɗauke da sunansa a Latinanci. Yau turaren kwalba na masana'anta ya cika kasuwa, daga Kurmi har Tarauni, kuma yarinya takan sayi haɗaɗɗe ba tare da ta san me ke ciki ba. Kalmomin wannan sana'a, da waɗanda aka aro daga Barbarci da Larabci, suna bakin tsofaffin mata, kuma mai neman abin da zai rubuta kundin digirinsa a kai zai same su a gida da hantsi, suna shanya ice.