GIDAJEN GEM: INA WASA YA TSAYA, INA CACA TA FARA?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya ratsa Kwanar Dangora, ko Tiga, ko Tudun Wada, ko Dadin Kowa ta ƙasar Doguwa bayan la'asar, ba zai rasa jin ƙarar janareto daga wani ɗan shago ba, inda yara suka yi cincirindo gaban talabijin suna buga ƙwallo da na'urar PlayStation. Jama'a sun rabu biyu a kan wannan al'amari. Wasu sun ce haramun ne ɗungurungum, wasu kuma sun ce wasan yara ne, a ƙyale su. Mu dai muna ganin duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa.

Ba a haramta abu sai da dalili. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Habashawa sun yi wasa da māsu a cikin masallaci, Annabi (SAW) kuma ya bar Nana A'isha (RA) ta kalla. Ashe wasa a kan kansa ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne me ya rataya a wuyansa.

Abu na farko shi ne kuɗi. Al'adar da ta yaɗu a gidajen nan ita ce wanda aka ci shi zai biya mai shago kuɗin wasan. Malamai da yawa sun sanya wannan cikin caca, domin kowanne daga cikin biyun ya zauna ne tsakanin riba da asara. Allah kuwa Ya haɗa caca da giya wuri guda a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, a aya ta 91 kuma Ya bayyana cewa suna haddasa gaba, suna kange mutum daga salla. Yaron da ya saba da wannan yana ɗan shekara 12, idan ya girma ya kama kuɗin shinkafar kaka, ina ake tsammanin zai nufa? A shekarar 2024 Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo a cikin birni. Madalla, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Su kansu kamfanonin ba su wanku ba. Suna sayar wa yaro akwatin sa'a a cikin wasa, ya biya kuɗi bai san abin da zai fito ba. A shekarar 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin wannan ciniki caca ne.

Abu na biyu shi ne lokaci. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan gem cikin jerin cututtuka. A 2021 ƙasar Sin ta taƙaita wa yara 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa uku a mako. Waɗannan ba su san Magariba ba, ba su san Islamiyya ba, amma sun tsare 'ya'yansu. To mu fa, da za a tambaye mu gobe Ƙiyama game da kiwon da aka ba mu?

Saboda haka muna kira ga masu shaguna da su ji tsoron Allah: kowa ya biya rabonsa tun kafin a fara, a kashe na'ura da zarar an kira salla, kada a karɓi yaro a lokacin makaranta, a kuma nisanci wasannin tsiraici da zubar da jini. Muna kira ga iyaye su binciki inda yaro ya samu kuɗin, su kuma duba wayar da ke hannunsa. Limamai da masu unguwanni su zauna da masu shagunan cikin hikima, domin su ma 'ya'yanmu ne masu neman halal. Hani ba tare da madadi ba kora ce kawai. A raya musabaƙa, da tseren gudu, da koyon sana'ar kwamfuta.

Allah Ya shiryar mana da zuriya, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta. Wassalamu alaikum.