Yarinyar da aka aiko ta ƙirga katan

Ranar 31 ga Disamba, sa'ad da yawancin ma'aikata ke lissafin hutun sabuwar shekara, akwai matasan da gari ke waye musu a cikin sito. A Bompai, ko Sharaɗa, ko Kakuri ta Kaduna, za a gan su cikin hazo, hanci a ɗaure da hankici, biro a hannu, suna bin layin kaya. Ɗalibai ne da suka zo sanin makamar aiki a kamfanonin odita, waɗanda a makaranta ake kira 'yan IT. An turo su su shaida ƙidayar kayan ƙarshen shekara, aikin da kowane babba a ofis ya yi a zamaninsa kuma ba ya marmarin maimaitawa.

A ɗauki misalin ɗaya daga cikinsu, ɗalibar da ta gama ND a fannin akanta, tana cike shekarar aikin da ake nema kafin HND. Takardar hannunta ta ce akwai katan 1,200 na sabulu. Sitokifa, dattijon da ya riƙe makullin wurin tun ba a haife ta ba, ya nuna mata tulin da haɓa.

"Ga su nan, 'yata. Layi goma sha biyu, goma-goma, hawa goma. Rubuta kawai."

"To, Baba. Amma don Allah a ɗan sauke min na tsakiya, in buɗe biyu ko uku."

"Au, ba ki yarda da ni ba ke nan?"

Babu littafin da ya tanadar mata amsar wannan tambaya. A gida an koya mata cewa yaro ba ya ƙure babba, kuma neman hujja daga wanda ya haife ka rashin kunya ne. Ga shi sana'ar da ta zaɓa ta ginu ne a kan neman hujja daga kowa, har da mai kamfanin. Ɗalibin da ya koyi yadda zai rusuna ya gaida dattijo, ya ba shi haƙuri, amma bai bar wurin ba sai an sauke katan, ya samo abin da ya fi duk wata takardar shaida da za a ba shi ranar tafiya.

Wannan naci yana da asali. A 1938 aka gano cewa wani babban kamfanin magunguna a Amurka, McKesson & Robbins, ya cusa dukiyar ƙarya ta kusan dala miliyan 19 a littattafansa: kaya a rumbunan da babu su, da bashi a kan masu sayen da ba su taɓa sayen komai ba. Takardun duk sun cika, an buga su tsaf. Oditocin sun duba takarda, ba su taka ƙafa sun leƙa sito ba, domin ƙa'idar lokacin ba ta tilasta musu ba. Shekara guda bayan haka ƙungiyar akantocin Amurka ta sa zuwa wurin ƙidayar kaya da tuntuɓar waɗanda ake bi bashi cikin aikin da ake sa ran kowane odita ya yi. Ko da hakan, a 1963 wani ɗan kasuwa a jihar New Jersey, Tino De Angelis, ya ci bashin miliyoyin daloli da jinginar tankokin man waken soya waɗanda akasarinsu ruwa ne, man yana yawo a sama. Masu duba tankokin suna tsoma ma'auni su ga mai, su sa hannu. Duk wanda ya taɓa sayen buhun hatsi ya tarar da tsakuwa a ƙasa ya san dabarar.

Bayan ƙidaya sai kakar aiki ta kankama. Yawancin kamfanoni suna rufe littafi a Disamba, waɗanda ke kasuwar hannun jari kuma ana jiran rahotonsu wajen ƙarshen Maris, don haka daga Janairu ba a san lokacin tashi ba. Ɗan IT ba ya ganin ofishinsu sosai. Yana can a ofishin waɗanda ake bincika, a wani ɗakin da aka ba su aro, shi da babban da ke kula da shi da tarin fayil. Za a miƙo masa jerin biyan kuɗi arba'in ko sittin da aka tsamo daga cikin dubbai, a ce ya bi kowanne: ina baucan, ina rasit, wa ya ba da izini, kayan sun iso kuwa, kwanan watan ya faɗo cikin shekarar? Wanda ya dace ya yi masa alama a Excel, wanda bai dace ba ya rubuta dalili. Ya daidaita lissafin kashiya da bayanin banki. Ya je ya ga janaretan da aka ce an saya, ya duba lambar jikinsa. Da yamma babban ya dawo masa da aikin cike da gyara, ya sake.

Aiki ne mai gundura, babu amfanin ɓoye wannan. Rabin yini na iya tafiya a jiran akawun da ya ce fayil ɗin yana wurin oga, oga kuma ya fita.

Cikin ayyukan da ake jibga wa ɗalibi akwai bin sawun wasiƙun tabbatarwa, wato waɗanda ake aika wa bankuna da masu hulɗa da kamfani a tambaye su nawa ne a tsakaninsu. Ƙa'idar ɗaya ce: amsa ta zo hannun odita kai tsaye, kada ta biyo ta hannun wanda ake bincika. Ɗalibi zai ga kamar tsirfa ce, tunda ga akantan kamfanin yana cewa zai karɓo masa a hanya. A Disamba 2003 kamfanin madara na Parmalat a Italiya ya durƙushe bayan Bank of America ya ce takardar da ke nuna kusan yuro biliyan 4 a wani asusu jabu ce. A Yuni 2020 Wirecard na Jamus ya bi sahu, da aka nemi yuro biliyan 1.9 da aka ce suna bankuna biyu a Filifin aka rasa. A nan gida ma, a 2006 Cadbury Nigeria ya amsa cewa an kumbura lissafinsa, abin da aka ƙiyasta da kimanin naira biliyan 13, kuma takardun shaidar kaya na ƙarya suna cikin hanyoyin da aka bi. Duk waɗannan ramukan suna daidai inda ake ajiye mafi ƙanƙanta a tawaga.

Shi ya sa abin takaici ne yadda wasu ofisoshi ke ɗaukar ɗan IT ɗan aike. Wata shida yana tsakanin injin fotokwafi da mai sayar da abinci, ranar Juma'a a sa masa hannu a littafin rahoto an rubuta ya koyi abin da bai taɓa gani ba. Hukumar ITF ta kafa shirin SIWES na sanin makamar aiki a 1973 ne saboda masu ɗaukar aiki suna kukan cewa masu digiri ba su iya komai da hannu ba. Bayan shekara hamsin, malamin da ya kamata ya zo duba ɗalibi a wurin aiki sau da yawa ba ya zuwa, alawus ɗin kuma, inda ake bayarwa, kuɗin mota na cinye shi tun da aka cire tallafin fetur a 2023. Wanda iyayensa ba za su iya ɗaukar nauyinsa ba sai ya nemi inda za a buga masa hatimi ya koma kasuwa.

Ɗalibai da dama burinsu manyan huɗun nan ne, Deloitte da PwC da KPMG da EY, waɗanda cibiyarsu ta Najeriya ke Legas. Sunan yana da nauyi a takardar neman aiki, horonsu kuma tsararre ne. Sai dai ɗalibi a can kan shafe watanni a lungu ɗaya na lissafin banki guda. A ƙaramin ofishi mai mutum goma a Kano ko Jos, idan aka dace da mai gida nagari, zai ga bincike tun daga wasiƙar farko har sa hannu. Akantan nan Akintola Williams kansa, wanda ya rasu a 2023 yana da shekara 104, da ƙaramin ofis ya fara a Legas a 1952. Sharaɗin shi ne dacewar, domin akwai ofisoshin da sana'arsu hatimi ce: a kawo lissafin da aka dafa don haraji, su buga, su karɓi nasu. Ɗalibin da ya faɗa nan zai fito da ƙwarewa, amma a wani fannin. ICAN da ANAN, masu ba da lasisin aikin, su ne ya kamata su riƙa tantance inda ake tura yara, makarantu kuma su daina karɓar kowace wasiƙa mai hatimi.

Akwai kuma jarabawar da ba ta cikin manhaja. Ɗalibi zai ga albashin kowa a kamfanin, wataƙila har da na maƙwabcinsu, kuma dole bakinsa ya yi shiru ko a gaban mahaifiyarsa. Ranar gama aiki manaja zai sa a kai katan mota, ko ya miƙo ambulan ya ce a sha ruwa. Bahaushe na ganin mayar da hannun kyauta baya cin fuska ne. Abin da babban tawaga ya yi a wannan minti, a gaban yaro, shi ne abin da yaron zai yi shekara goma masu zuwa.

A siton kuwa, an sauke katan. Sabulu ne a ciki, cif. Sai dai da ta zaga bayan tulin ta tarar layin ƙarshe bai kai hawa goma ba, an rasa katan 40. Dattijon ya yi shiru, sannan ya tuna: an loda su a mota tun jiya, motar ba ta tashi ba, tana bakin ƙofa. Ba sata ba ce. Amma ofishin ciniki ya riga ya rubuta an sayar da su, sito kuma bai cire su ba, wato kaya ɗaya sun shiga lissafi sau biyu. Ta rubuta lambar motar da lambar takardar fitar da kaya, ta miƙa masa biro. Ya gyara tabarau, ya karanta layi-layi, ya sa hannu, ya ce a kawo mata kujera kafin su shiga ɓangaren omo.